Kunne ba shi da ƙyaure

Cikin hunturun shekarar 2020, wata ranar Talata da hantsi, ina zaune a bencin baya na wani aji, a wata lokol ta ƙauye cikin gundumar Gidan Rumji. Ziyara ce na kai wa wani abokin aiki, malamin ajin, ba ni da wani aiki illa in saurara. Yara na lissafi a kan allunansu, ba ka jin kome sai ƙarar alli da tarin masu mura. Can sai ga babura uku ko huɗu a jere sun biyo hanyar da ke bayan ajin, suna gudu suna danna oda. Ƴan biki ne. Kafin in waiga, wata yarinya mai kamar shekara goma ta riga ta shige ƙarƙashin tebur, ta dunƙule, hannunta ɗaya toshe da bakinta, ɗayan riƙe da ƙafar ƴar da ke kusa da ita, tana jan ta ƙasa. Aji ya fashe da dariya. Malam, don ya tsawatar, ya ɗaga sanda ya maka wa tebur, yarinyar ta ƙara ƙanƙamewa kamar ita aka doka. Ni ma, ba zan ɓoye ba, na yi murmushi. Sai da aka fita shan iska aka gaya mini cewa daga wajen Sabon Birni suka ƙetaro ita da uwarta, kuma toshe bakin nan uwar ce ta koya mata, daren da suka kwana a ɓoye cikin gero.

Murmushin nan nawa shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake shekaru sun shige. Tambayar da ya bar mini ita ce: mutumin da bala'i ya bar wa tabo a kunne, wanda ƙarar da mu muka saba da ita take mayar da shi ranar da ya fi ƙi a rayuwarsa, mene ne haƙƙinsa a kanmu? Ko kuwa shi ne ke da nauyin ya daure ya saba, tunda duniya ba za ta yi shiru saboda mutum guda ba? Na daɗe ina jujjuya maganar, kuma na ga kowane ɓangare yana da ƙafar tsayawa.

Bari mu fara da tuna yadda aka yi yarinyar ta zo ajin. Tun daga ƙarshen 2018 mutanen jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka soma ƙetaro iyaka suna shigowa jihar Maraɗi, suna gudun masu kisa da satar shanu da garkuwa da mutane. A watan Mayu na 2019 hukumar HCR mai kula da ƴan gudun hijira ta ce kimanin mutum 20,000 ne suka shigo tun daga watan Afrilu. Zuwa watan Maris na 2021 ta ce ƴan Najeriya da suka fake a jihar sun kai 77,000, mafi yawansu mata da yara, ban da ƴan ƙasa da suka bar ƙauyukansu na bakin iyaka. Gundumar Gidan Rumji ce ta ɗauki babban kaso, kuma a cikinta aka keɓe garuruwan da aka mayar da wasu daga cikinsu don a nisanta su da iyaka: Garin Kaka, da Ɗan Daji Makau, da Cadakori. Kalmar baƙi ma ba ta dace da su sosai ba. Gobirawan da suka kafa Sabon Birni a rabi na biyu na ƙarni na 19 daga Tibiri suka fita. Wanda ya gudo daga can ya zo nan, sau da yawa gidan kakanninsa ya komo, yana magana da harshen masu masaukinsa, tsagarsa irin tasu.

Abinci da tabarma da gidan sauro ana iya ƙirga su a rubuta a takarda. Abin da suka ɗauko cikin kunnuwansu babu mai rajistarsa. Maharan a kan babura suke zuwa, goma-goma, wani lokaci ɗaruruwa, kuma ana jin rugugin injinsu tun kafin a ga ƙurarsu. Haushin karnuka da tsakar dare shi ne labari na farko. Sai bugun ƙyaure da gindin bindiga. Ga waɗanda aka ɗauke wa miji ko ɗa kuwa, akwai wata ƙara da ta fi waɗannan cin rai, wato kukan salula, domin ta salula ake cinikin fansa, kuma ta nan ake sa wanda aka kama ya yi kuka don danginsa su ji. Duba jerin nan da kyau, ya mai karatu: babur, kare, ƙyaure, salula. Babu ɗaya cikinsu da ba ya cikin kayan zaman yau da kullum na kowane gari tsakanin Gidan Rumji da Gazawa. Hatta sunan maharan ma aro ne daga zaman lafiya. A dā in an ce ƴan bindiga, mutanen sarki ake nufi, masu cika bindigar gargajiya da albarushi su sake ta ranar hawan salla, yara na tsalle, mata na guɗa. Yau kalmar ta sake ubangida.

Me ya sa kunne ne ya fi riƙe irin wannan tabo? Dalili na farko kowa na iya gane shi a jikinsa. Ido yana da marfi, in ba ka son ganin abu sai ka runtse ko ka kau da kai. Kunne ba shi da ƙyaure. Yana aiki cikin duhu, yana jin abin da ke bayan bango, yana gadi ko kana barci. Shi ya sa Bahaushe ya ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Dalili na biyu masu binciken ƙwaƙwalwa ne suka fito da shi. Wani masani ɗan Amurka, Joseph LeDoux, tun cikin shekarun 1980 ya riƙa gwaji da ɓeraye: a kaɗa musu wani sauti, a bi shi da ɗan jan lantarki a ƙafa. Ba a jima ba sautin kaɗai ya isa ya sandarar da su, zuciyarsu na dukan uku-uku. Ya bi sawun saƙon cikin ƙwaƙwalwa, ya tarar yana da hanya biyu zuwa wani ɗan gungu da ake kira amigdala, wanda a cikin kan mutum bai wuce ƙwayar gyaɗa girma ba, kuma shi ne mai buga gangar haɗari. Hanya ɗaya gajera ce mai sauri, amma ba ta tantancewa. Ɗayar tana bi ta wurin da ake tunani da auna abu, ta fi daidai, amma ta fi jinkiri. Ke nan kafin hankalin yarinyar nan ya ce mata ai ƴan biki ne, jikinta ya riga ya yanke hukunci. Ba ta zaɓi shiga ƙarƙashin tebur ba, kamar yadda ba ka zaɓar janye hannunka daga garwashi.

Likitoci sun ba abin suna mai tsawo a Faransanci. Mu a nan bari mu kira shi tabon firgita. A 1980 ne ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, wanda ya soma aiki a 2022, ya tsayar da alamominsa uku: abin da ya wuce ya riƙa komo wa mutum kamar yanzu yake faruwa, a farke ko a mafarki; mutum ya riƙa guje wa duk abin da zai tuna masa; sannan ya zauna kullum cikin shirin haɗari, ƙaramin motsi ya zabure shi. Ba duk wanda ya ga bala'i ne ke kamuwa ba, kuma wannan yana da muhimmanci a faɗa, don kada mu mayar da kowane ɗan gudun hijira majinyaci. Mafi yawan mutane sukan firgita na makonni, sannan su lafa da taimakon dangi da addu'a da aiki. Amma wani ƙiyasi na OMS da ya fito a 2019 ya nuna cewa a wuraren da rikici ya shafa, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa ko na damuwa, ciki har da wannan. A aji mai yara sittin, malam na iya yin lissafin da kansa.

Sai dai ba mu buƙatar ɓerayen Amurka kafin mu yarda cewa sauti na iya mallakar jikin mutum. Al'adarmu ta san haka tun tuni, har ta gina sana'o'i a kansa. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ko na kokowa ya ga yadda ƙato yake zaune lafiya lau, makaɗi ya saki takensa, sai ka ga tsoka na rawa, ido ya juye, ya miƙe yana kirari. Tsuma muke ce wa wannan. Ɗan tauri in ya ji gangarsa haka, mahauci in ya ji kalangu haka. A fagen bori kuwa, wanda Tibiri da Maraɗi suka yi suna a kansa har Jacqueline Monfouga-Nicolas ta rubuta littafi guda game da shi a 1972, kowane iska da kiɗansa, kuma da kiɗan ake kiransa. Ba ina nan don in yi hukunci a kan bori ba. Malamai sun yi nasu, likitoci sun yi nasu. Abin da nake so a lura shi ne, mun amince sarai cewa akwai amon da in ya shiga kunnen wani, jikinsa ya fita daga hannunsa. In ɗan dambe ne, mu yi masa kari. In yarinya ce ƙarƙashin tebur, mu yi mata dariya. Alhali abin da ya faru da jikinsu dangin juna ne: ita ma an kaɗa mata take, sai dai ba ita ta zaɓi makaɗinta ba.

A nan ne maganar ta zama ta ɗabi'a. Halayen da muke auna mutumin kirki da su sanannu ne. Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya jera su cikin wata lacca da aka buga a 1974, kuma ba abin da ya ƙara a kan abin da kakanninmu suka sani: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, da sauransu. Biyu daga cikinsu, haƙuri da kunya, su ne suke danne mai tabon firgita. Haƙuri maganin zaman duniya ne, ban musa ba. Shi ya tsallakar da ƙasar nan daga yunwar 1973 da ta 1984 da ta 2005. Amma a lura da yadda muke raba shi. In mai ƙarfi ya taka mai rauni, wa ake ce wa ya yi haƙuri? In mace ta zabura ta zubar da ƙwaryar fura saboda wani saurayi ya murɗa wa babur wuya a ƙofar gida, wa ake ce wa ki riƙa haƙuri mana, abin ai ya wuce? Kalmar tana da fuska biyu: akwai haƙurin mai ciwo da ciwonsa, akwai kuma haƙurin mai lafiya da mai ciwo. Na farkon muke wa'azinsa dare da rana, domin ba ya cin mana kome. Na biyun yana buƙatar mu rage wani abu daga jin daɗinmu, shi ya sa ba a cika jin sa a bakin masu nasiha ba.

Kunya kuwa ta fi tsananta ga maza. Karin magana ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Ma'anarsa a fili take: a daji an yafe maka ka ji tsoro, a gida kuwa, gaban iyali da surukai, kamewa ake so. To, ina makomar magidancin da tsoron daji ya biyo shi har cikin ɗaki? Yana zaune cikin ƴaƴansa, iska ta buga kwanon rufi, ya tsinci kansa a bakin ƙofa yana haki. Ba zai faɗa ba. Zai ce zazzaɓi ne, ko ya daina kwana a ɗaki, ko ya zama mai faɗa da duka ba dalili, ko ya nemi ƙwayar da za ta kashe masa jiki. Wannan ba laifin Hausawa kaɗai ba ne. A yaƙin duniya na farko, wani likitan sojan Ingila, Charles Myers, ya bayyana ciwon tun a 1915, amma duk da haka rundunar Ingila ta harbe sojojinta 306 bisa laifuffuka irin su ragwanci da gudu daga fagen fama, kuma sai a 2006 aka yi musu afuwa. Da yawa daga cikinmu mun taso mun tarar da wani tsohon sojan Faransa a unguwa, wanda ake cewa ya taɓu, yara na bin sa suna buga gwangwani don su ga ya zabura. Ban tuna wani babba ya taɓa hana mu ba.

Zuwa nan mai karatu na iya zaton cewa zan ce a yi shiru. A'a. Masu cewa duniya ba za ta tsaya ba suna da gaskiya, kuma gaskiyarsu ta fi yadda suke zato. Gari ƙara ne. Lugude da sassafe, injin niƙa, maƙera, kiran salla, ranar kasuwa, manyan motocin da ke bin babbar hanya ta ɗaya suna ratsa Gidan Rumji da Tibiri da Cadawa da Agye da Gazawa dare da rana, duk waɗannan su ne shaidar cewa mutane na raye. Waɗanda suka gudo sun san irin shirun da ke sauka a kan ƙauyen da aka watse, kuma ba shi suka zo nema ba. Babur ɗin da ke firgita yarinyar nan, shi ne kabu-kabun da ke ciyar da gida guda, shi ne kuma zai kai uwarta likita in naƙuda ta zo da dare. An gwada hana shi saboda tsaro, a Difa a 2015, a Zamfara da Katsina an taƙaita shi a 2021, kuma talakawa ne suka fi jin jiki. Bayan haka, likitocin wannan fanni sun haɗu a kan cewa gudun abin tsoro yana ciyar da tsoron. Duk ranar da mutum ya kauce wa ƙarar, ya sami sauƙi na sa'a guda, amma ƙwaƙwalwarsa ta ƙara tabbata cewa da ya tsaya da ya halaka. Tsohon darasin ba ya gogewa. Abin da ke yiwuwa shi ne a rubuta sabo a kansa, wato a ji babur sau ɗari, kome bai faru ba. Wanda ya killace ɗan'uwansa a ƙuryar ɗaki don tausayi, ya hana shi wannan sabon darasi.

Akwai kuma wani ƙulli da littattafan Turai ba su cika kwance shi ba. Sunan ciwon a harsunansu yana ɗauke da kalmar “bayan”, wato bala'in ya wuce, saura tabo. Sojan da ya koma Amurka, in ya ji an buga ƙofa ya kwanta ƙasa, ana iya ce masa kuskure jikinka ya yi, nan babu yaƙi. Wa zai iya rantsewa ya faɗa wa matar da ke kwana a ƙauyen Gidan Sori ko na Madarunfa, tafiyar sa'a guda daga iyaka, cewa babur ɗin tsakar dare ba kome ba ne? Maharan sun sha ƙetarowa, sun sace mutane da dabbobi a wannan gefen. Wata masaniya ta Afirka ta Kudu, Gill Straker, ta lura da haka a 1987, zamanin wariyar launin fata, ta ce akwai mutanen da firgitarsu ba ta da baya, domin abin bai ƙare ba. Ga irin waɗannan, kunne mai saurin ji dukiya ce. Watakila shi ya fitar da su da rai. Saboda haka ba daidai ba ne mu ce muna so mu kashe musu shi. Abin da suka rasa shi ne iya rarrabewa, su san wace ƙara ce ta gida, wace ce ta daji.

To, in ba shiru ba, in ba kuma “ka daure” ba, mene ne? Wani gwaji da masana biyu na Amurka, David Glass da Jerome Singer, suka bayyana a 1972 ya ba ni bakin zaren. Sun sa mutane aiki cikin ƙara mai tsanani. Waɗanda ƙarar ke zo musu a kan ƙa'ida, sun san lokacinta, ba su jigata kamar waɗanda take faɗo musu ba zato ba. Wasu kuma an ba su maɓallin da za su iya tsayar da ita in sun ga dama. Yawancinsu ba su ko taɓa shi ba, amma sanin cewa yana nan ya sa sun fi sauran natsuwa. Ashe ƙarfin ƙara rabin magana ne. Sauran rabin shi ne, ta yi sallama ko ba ta yi ba.

Da gangan na ce sallama. Ban san wata al'umma da ta fi tamu ƙyamar abin da ya zo ba sanarwa ba. Baƙo ba ya faɗawa gida. Yana tsayawa a zaure ya ɗaga murya, ya jira a amsa. Mace in za ta shiga gidan maƙwabta tana cewa gafaranku dai tun daga ƙofa. Magidanci in ya komo da dare yana gyaran murya kafin ya kai tsakar gida, don kada ya tarar da abin da bai kamata ba, don kuma kada a ɗauke shi ɓarawo. Sarki ba ya fita sai an buga tambari, ba a yanke hukuncin gari sai sanƙira ya zaga da shela. Alƙur'ani ma, a cikin suratun Nur, ya yi umarni da neman izini da yin sallama kafin a shiga gidan wani. Duk wannan tsari manufarsa guda: a ba na ciki lokaci ya shirya, a kuma bar masa ikon amsawa. Shi ne sanin lokaci da maɓallin da Turawan nan biyu suka gano a ɗakin gwaji. Sai dai mun tsayar da ladabin a kan ƙafa da murya, ba mu miƙa shi ga injuna ba. Babur da salula da lasifika sun shigo mana a cikin shekaru ƙalilan, ba wanda ya koya musu gaisuwa. Saurayin da ba zai taɓa shiga gidan surukinsa da takalmi ba, shi ne zai cire wa babur ɗinsa abin rage ƙara, ya ratsa unguwa da ƙarfe biyun dare.

Abin da nake gani haƙƙi ne a kanmu, ke nan, ƙarami ne a aikace, ko da yake yana da nauyi. Mai babur da ya san akwai irin waɗannan mutane a layi ya sassauta, in dare ne ya kira sunan mai gida tun daga nesa, don murya sananniya ta riga injin isa. Wanda zai buga ƙyaure da dare ya fara faɗin ko shi wane ne. Ƙungiyoyin al'adu da masu shirya biki da hawan salla, ba na ce su ajiye bindigar gargajiya ba, ni ma ina son ƙamshin albarushi da safiyar salla. Amma a yi shela tun jajibiri, a faɗi wuri da lokaci, don wadda ba za ta iya ba ta san inda za ta zauna, wadda ke so ta gwada kuma ta tsaya daga nesa, hannunta cikin na ƴar'uwarta. Malamai kuwa, namu ya fi yawa. Sandar da muke maka wa tebur, da tsawar ba-zata, da ƙarfen ƙafar mota da muke ratayawa a bishiya muna dukansa a madadin ƙararrawa, duk ana iya yi musu sallama. A ce wa aji yanzu za a buga tashi. A ba yaron da ke zabura shi ne mai bugawa, ƙarar ta fito daga hannunsa. A zaunar da shi inda yake ganin ƙofa. In abin ya taso masa, kada a taru a kansa, kada a girgiza shi; a kira sunansa a hankali, a gaya masa inda yake da ranar da ake ciki, a bar shi ya komo.

Abu ɗaya ne nake ganin babu sassauci a cikinsa, shi ne tsoratarwa don wasa. Yara suna gano mai zabura cikin kwana biyu, kuma daga nan ya zama abin nishaɗinsu: a fasa leda a bayansa, a kwaikwayi kukan babur da baki. Manya ma suna yi, a tasha da majalisa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa don raha, ya farka a firgice, Annabi (SAW) kuma ya hana, ya nuna cewa firgita Musulmi bai halatta ba. Igiya ce fa kawai, kuma mutumin lafiyarsa lau. Ina ga wanda aka san inda miki yake, aka sa yatsa?

Abokan aiki na Agye da Gazawa na iya cewa wannan matsalar mutanen yamma ce, mu nan da sauƙi. Gaskiya ne gundumomin nan biyu ba su ga abin da Gidan Rumji da Madarunfa suka gani ba, ko da yake Gazawa ma da Katsina take iyaka. Amma tabon firgita ba daga bakin bindigar ɓarayi kaɗai yake fitowa ba. Akwai samarin da suka yi aikin soja a Difa da Tilaberi, waɗanda suka binne abokansu bayan Inates a Disamban 2019, inda aka kashe soja 71, da Cinagodar a Janairun 2020, inda aka kashe 89. Sun komo gida, kuma ba garin da ba shi da nasa. Akwai waɗanda suka fita da rai daga haɗarin mota a kan babbar hanya, da ƴan ci-rani da suka ga abin da suka gani a Libiya. Akwai yaran da suka tsira daga gobarar 8 ga Nuwamba 2021 a Maraɗi, ranar da azuzuwan zana suka kama wuta, yara aƙalla 25 suka rasu. Ga wanda ya ji wannan, ƙarar karan dawa a murhu ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma, mu faɗa ko da ba daɗi, matan da takun mijinsu a zaure shi ne babur ɗinsu.

Ban ce sallama magani ce ba. Wanda abin ya wuce wata da watanni yana hana shi barci da aiki, yana buƙatar gwani, kuma akwai hanyoyin jiyya ta magana da aka tabbatar suna aiki, inda ake bi da mutum sannu-sannu ya fuskanci abin da yake gudu. Gwanayen ba su da yawa a ƙasar nan, galibinsu kuma a manyan birane suke, amma majo na likitar ƙauye shi ne ƙofar farko, kuma raka mutum wurinsa ba ya hana a yi masa addu'a. Abin da sallama ke yi shi ne ta share fili, ta yawaita ranakun da aka ji ƙara kuma ba abin da ya faru, har jiki ya soma yarda.

Na sake bi ta lokol ɗin nan bayan damina biyu. Abokina ya bar sandarsa, ya ce ba don wata hikima ba, kunya ce ta kama shi tun ranar. Ya yi magana da masu kabu-kabun garin. Biyu sun yarda suna kashe inji daga bakin rijiya su gangaro, sauran sun ce man tayarwa ba shi ke saya musu ba. Yarinyar tana aji na gaba, ita ke buga tashi. Muna tsaye a inuwar bedi wani babur ya taso daga kudu, na ga ta tsaya cik da ƙarfen a hannu, kanta a karkace, tana saurare. Ta jima haka. Sannan ta ce wa ƙawarta, na mai gyaran rediyo ne, ta juya ta buga.